Farautar Da Ba A Cin Namanta

Kalmar doka a bakin Bahaushe fuska uku gare ta. Akwai dokar da hukuma ke kafawa a bi ko a sha hukunci, akwai doka irin kitson nan mai tudu da kakanninmu mata ke yi a tsakar ka, sannan akwai doka itaciyar daji, wadda sabon ganyenta ke fitowa jajawur yana sheƙi tun ruwa bai sauka ba. Mu da aka haifa a Ƙofar Doka cikin birnin Zazzau, in ka tare ɗayanmu yau a gindin gadar sama ka ce ya kwatanta maka ta ukun, sai dai ya yi ta sosa ƙeya. Alhali kuwa ƙasar Zazzau tana tsakiyar dajin doka ne, har ma masana tsirrai da suka zo raɗa wa itaciyar suna a littattafansu ba su wahalar da kansu ba, namu suka ɗauka suka ce mata Isoberlinia doka. Haka nan ga makarantar Alhudahuda a unguwar tamu. Dubban ɗalibai sun sa kayanta sun fita, amma nawa ne cikinsu suka taɓa tsayawa suka dubi tsuntsun da ta ci sunansa, mai tukku kamar mahuci, mai dogon baki siriri, mai zanen fari da baƙi a fiffike, yana tonon tsutsa a ƙasa?

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, tun 1996 nake wata irin farauta wadda mutanen gidanmu har gobe ba su yarda cewa aikin mai cikakken hankali ba ce. Nakan kafa 'yar bukka a bakin kurmi, in zuba koto, in shige in zauna tun assalatu har hantsi ya dubi ludayi, ina dakon tsuntsu. In ya zo ba na harbinsa, ba na kama shi, hotonsa kawai nake ɗauka ya tashi abinsa. Wata gwaggona ta taɓa cewa da ni, “Kai kuwa ɗan nan, farautar da ba a cin namanta ai sunanta wahala.” Ban musa mata ba, don kuwa akwai wahalar. Amma tun da 'yan uwa marubuta sun sha tambayata yadda ake yi, bari in zayyana, in kuma faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da al'amarin.

Ba daga littafin Turawa na fara koyon ɓuya ba. Wani tsohon maharbi ne a wani ƙauye wajen dutsen Kufena ya koya mini, Allah ya jiƙansa. Gonar kawuna tana maƙwabtaka da tasa, akwai kuma wani ɗan rafi da ya ratsa tsakaninsu, bakinsa cike da kanya da ɗinya da baure, can gaba kaɗan kuma ragowar doka da marke. Ranar da ya fara ganina ina sanɗa da kyamara a rataye, tsuntsaye na watsewa kafin in matso, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Ɗana, wa ya ce maka ana bin tsuntsu? Mai fiffike ba a bin sa. Zama ake yi ya zo da kansa.”

Na ce, “To Baba, me zai kawo shi?”

Ya ce, “Abin da ke kai ka kasuwa. Ciki.”

Shi ne ya shiga ɗaki ya fito mini da burtunsa. Duk wanda ya san maharban ƙasar Hausa ya san wannan dabara: kan burtu ne, wannan babban baƙin tsuntsu mai tafiya a ƙasa, ko kuma icen da aka sassaƙa kamarsa aka lulluɓe da fata. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa yana tafe yana kaɗa kai kamar mai koto, har ya kusanci barewa ba ta ankara ba, don a wurinta burtu abokin kiwo ne. Daga baya na karanta cewa a Ingila an yi wasu 'yan uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, waɗanda a 1895 suka fitar da littafin sheƙunan tsuntsaye mai hotunan kyamara zalla, kuma wajen 1900 suka sa aka ɗinka musu fatar sa a kan ƙwarangwal na katako, mutum ya shige ciki da kyamara yana leƙe ta ƙirji. Turawa na kirga su cikin magabatan wannan fanni. Da na ba Baba labari sai ya ce, “Ashe su ma sun iya burtu, sai dai nasu ya cika nauyi.”

Ga yadda muke kafa bukkar. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kwana biyar ko mako guda kafin ranar zama ake kafa ta, don tsuntsaye su saba da ganinta su ɗauke ta kamar buhun kara ko tsohon rumbu. Sanda huɗu, zana biyu, a rufe sama da kara da ganye. Bayan zanar a rataya baƙin ƙyalle, domin in haske na ratsowa ta bayanka, motsinka kaɗan tsuntsu zai gani ta ɓular. A huda taga ɗaya daidai bakin kyamara, wata ƙarama kuma ta ido. Bakin bukkar ya dubi yamma in zaman safe za a yi, rana ta fito ta bayanka ta haske tsuntsun. Tsakaninka da wurin koto taki shida ko bakwai ya isa. Sai a sami busasshen reshe mai kyan gani a kafa kusa da koton, domin tsuntsu ba ya faɗawa abinci kai tsaye, sai ya sauka a sama ya duba gabas ya duba yamma, kuma a wannan ɗan tsayawar ne ake samun hoto. Akwai wata dabara kuma da masu wannan harka a ko'ina ke yi: mutum biyu su shiga, ɗaya ya fito ya tafi a bayyane. Tsuntsun da ke kallo daga kan ɗorawa sai ya ɗauka an watse. Hankaka ne kawai ban taɓa ganin wannan ta ci shi ba.

Batun koto kuwa, nan ne ilimin yake. Mutane na zaton hatsi ne gaba, to ba shi ba ne. Ruwa ne. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da rafi ya ƙafe, ƙasa ta yi fari fat, ba abin da ke tara tsuntsu kamar kasko guda na ruwa da aka binne har baki, aka jera 'yan duwatsu a ciki don ƙanana su sami wurin tsayawa. In ka rataya gora mai 'yar ɓula a sama tana ɗiga ɗis, ɗis, to ka gama, don ƙarar ɗigon nan tana kiran wanda ko hatsi ba ya ci. Bayan ruwa sai gero da tsaki da acca ga masu cin ƙwaya, irin su kurciya da bardo da tsada da kanari. Masu cin 'ya'yan itace a soka musu ɓarin gwanda ko nunannen baure a ƙaya. Masu cin ƙwari kuma gara ce maganinsu, kuma hanyar samunta ita ce dai wadda masu kiwon zabi ke bi: a cusa busasshiyar kashin shanu da ɓawon kara a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta a hanyar gara da yamma, da safe a ɗauka cike.

Mai karatu, ba na jin akwai makarantar da ke koya wa mutum sanin jikinsa kamar zaman bukka. Minti goma na farko kana jin kanka gwani. Daga nan ƙafa ta fara tsami, tari ya taso maka daga inda ba ka sani ba, cinnaka ya sami hanyar wandonka, kai kuwa ba halin ka motsa. A lokacin hunturu sanyin asuba na ratsa zana kamar ba ta nan, a bazara kuma kafin ƙarfe tara bukkar ta zama tanda. Amma in ka daure, akwai wani lokaci da daji ke mantawa da kai. Za ka ji shi. Kukan da ya tsaya sa'ad da ka shigo sai ya dawo, suda ta ci gaba da labarinta daga inda ta tsaya, ragon maza ya saki muryarsa kamar ana tsiyaye ruwa daga tulu. Daga nan sai a fara zuwa, kuma zuwan da tsari. Kurciya ce kan fara, don ita ba ta da dogon tunani. Sai tsada su zubo garke guda, shuɗi-shuɗi, mazan da ɗigon ja a kumatu. Shaya in ta zo sai kowa ya ba ta wuri, tana ƙyalli kamar shadda sabuwar bugu. Cilakowa ya sauko da dogon bakinsa yana tsalle a karkace kamar wanda aka tilasta wa zuwa biki. Fakara kuwa sai ta sa ka yi mata zaman awa uku, ta leƙo daga ciyawa, ta koma, ta sake leƙowa, in ƙarar kyamara ta yi mata yawa ba ka ƙara ganinta ranar.

A zamanin fim, hoto 36 ne a nadi guda, ga tsada, sai ka kai an wanke ka jira kwanaki kafin ka san ko ka samu ko ka tashi a tutar babu. Sau da yawa abin da ke fitowa reshe ne tsirara da ɗan wutsiya a gefe. Yanzu kyamarar zamani na ɗaukar goma a ƙiftawar ido, wasu ma ba sa ƙara ko kaɗan, kuma nan take ka duba. An sami sauƙi, ba shakka. Sai dai na lura samari masu sabbin kyamarori sun fi kallon bayan kyamarar a kan kallon tsuntsun.

Hoton da na fi so cikin duk abin da na ɗauka na wani tsuntsu ne na cikin kurmi, girmansa ya kusa na hankaka, jikinsa shuɗi mai duhu kamar an tsoma shi a marina, goshinsa rawaya, bakinsa ja. In yana zaune cikin ganye ba ka ce akwai shi ba, amma ya buɗe fiffike sai ka ga ja kamar garwashi. Shekara biyu ina jin muryarsa a kan kanya, bai taɓa saukowa ba. Ranar da ya sauko shan ruwa, wata safiya ce cikin Maris, zafi ya kai inda ya kai. Ya tsaya a reshen nan kamar daƙiƙa biyar. Hannuna na rawa, na danna sau biyu, ɗaya ya fito.

Kada a ɗauka mu ne farkon masu zaman dakon tsuntsu a Zariya. A shekarun 1960 akwai wani malami Bature a Jami'ar Ahmadu Bello, Hilary Fry, wanda ya shafe shekaru yana nazarin tsuntsayen nan kore masu jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma, waɗanda ke haƙa ramuka a gaɓar rafi da bangon kwazazzabo. A nan ƙasar Zazzau ya lura cewa ba uwa da uba kaɗai ke ciyar da 'ya'ya a rami ba, akwai mataimaka, galibi 'yan uwansu da ba su yi nasu gidan ba, suna kawo abinci. Wato dai zumunci irin na gidan gandu. Ya kuma bayyana yadda tsuntsun ke kama zuma, ya buga ta a reshe, ya goge ƙarinta har dafin ya fita kafin ya haɗiye. Littafin da ya rubuta a kan wannan dangi na tsuntsaye ya fito a 1984, kuma yana cikin editocin babban kundin tsuntsayen Afirka. Shi da John Elgood da Bob Sharland, wanda ya daɗe a Kano yana sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa, suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya a 1964, wadda daga baya ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, take buga mujallar Malimbus tun 1979. Yau kuma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, wadda ta yaye 'ya'yanmu da dama, akwai kuma aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015, inda matasa 'yan sa-kai, har da na Arewa, ke zagayawa suna rubuta abin da suka gani. Ƙasar nan tana da tsuntsaye sama da iri 900.

Sama da iri 900, amma ɗauki littattafanmu na hikaya ka duba. Da marubuci ya kai masoya lambu sai ka ji “tsuntsaye suna ta kuka mai daɗi.” Waɗanne tsuntsaye? A wane wata? A kan wace itaciya? Abubakar Imam, wanda ya yi rayuwarsa ta aiki a garin nan, da ya tashi neman mai ba da labari a Magana Jari Ce aku ya ɗauko, kuma ya san halin aku ya ba shi. Kakanninmu da suka ce wa wani tsuntsu sha-kauci sun zauna ne sun ga yana tsotsar furen kauci. Waɗanda suka ce ragon maza sun ga yadda yake jan jiki cikin ciyawa kamar tashi na yi masa wuya. Waɗanda suka ɗaura zuwan shamuwa da saukar damina ba su yi kuskure ba, don kuwa a ƙasashenmu take sheƙa da damina, in rani ya yi ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Kowane suna cikin waɗannan zaman bukka ne na wani wanda ba mu san shi ba. Sunayen nan suna mutuwa a bakinmu, kuma ba na jin laifin masu sare daji ne kaɗai. Akwai 'yan tsuntsaye da ba su wuce nauyin giram 10 ba, suna ƙetare hamadar Sahara daga Turai duk shekara su yi hunturu a ƙaiƙayin gonakinmu. Wanda ke neman abin rubutawa, ga shi nan a kan ƙaya.

To, yanzu bari in zo kan abin da ke damuna. Koto ba kyauta ba ce tsakani da Allah, ciniki ne, kuma tsuntsu bai san farashin ba. Baba maharbi ya faɗa mini wannan tun ranar farko. Ya ce, “Duk inda ka tara tsuntsu, ka tara masu son tsuntsu.” Na farkonsu shaho ne. Akwai wani ƙarami mai jan ido da kan laɓe cikin ganye, ya bari sai tsada sun duƙufa a kasko ya faɗo kamar jifa. Maganin wannan shi ne a kafa kasko kusa da sarƙaƙiya, inda ƙanana za su faɗa in an kawo hari. Na biyu cuta. Wurin da tsuntsaye da yawa ke sa baki ɗaya bayan ɗaya, nan ciwo ke yaɗuwa. A Ingila, inda ciyar da tsuntsaye a bayan gida ya zama al'ada, wata cutar maƙogwaro da aka sani a jikin tantabaru ta ɓulla cikin ƙananan tsuntsaye a 2005, ta yi musu mummunar ɓarna, kuma wuraren ciyarwar na cikin hanyoyin yaɗuwarta. Don haka kullum sai an wanke kasko an shanya, kuma hatsi ko gyaɗar da ta yi hunhuna ba a zuba ta.

Na uku, wanda ya fi duka, ɗan Adam. Wata safiya na iske an ɗana tarkon gashin wutsiyar doki a bakin kaskona, an zagaye shi tsaf. Aikin yara ne masu kama kanari suna sayarwa a keji, kuma maganar gaskiya sun iya, don inda ya kamata suka ɗana. Ban kai ƙararsu ba. Wa zan kai wa, in ce me? Yaron da ke neman kuɗin littafi, ya ga wani babba da kyamarar da ta fi kuɗin amfanin gonar ubansa yana zuba gero a ƙasa don tsuntsu, in na ce masa haramun ne ya taɓa, ai sai ya ɗauke ni azzalumi. Na kira babbansu na ce, “Samari, nawa kuke sayar da guda?” Ya faɗa. Na ce to daga yau ku ne masu ɗebo ruwa da haɗa gara, duk mako ga abin da zan ba ku, amma wurin nan ba tarko. Mun yi shekara uku a haka, ɗayansu har ya fi ni gane kukan tsuntsu. Amma ban yaudari kaina cewa sun daina kama kanari ba. Sun daina ne a nan.

Saboda irin wannan ne nake da ƙa'idojin da ba na karyawa. Ba na wuce mako uku ina zuba koto a wuri ɗaya, kuma in zan daina da rani ba na yankewa rana ɗaya, sai in yi ta ragewa. Ba na kafa bukka a kan sheƙa mai ƙwai. Ba na kunna kukan tsuntsu a waya don in jawo shi, abin da ya zama yayi yanzu, domin namijin da ya ji kishiya a gidansa barin ciyar da 'ya'ya yake ya zo faɗa da iska. Kuma in na nuna hoto, nakan faɗi cewa a bakin koto aka ɗauke shi. Wasu na ganin wannan rage wa kai daraja ne. Ni kuwa ina ganin ɓoyewar ita ce ungulu da kan zabo. A 2010 an ƙwace babbar kyautar hoton namun daji ta Landan daga hannun wanda ya ci ta a 2009, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka yana tsallake shinge na gida ne horarre. Hoton bai canza ba, yana nan da kyansa, labarin da aka ɗora masa ne ƙarya. Mu marubuta ya kamata mu fi kowa gane wannan.

Duk da ƙa'idojin, akwai masu cewa koto ko na ruwa ne bai dace ba, a bar tsuntsu ya nemi abinsa yadda Allah ya hore masa. Ina jin nauyin maganarsu. Amsata dai ita ce, dajin da ake cewa a bar shi a ciki ina yake? Dokar da na tarar a bayan gonar kawuna ta tafi a buhunan gawayi, inda muke kafa bukka a 1996 yanzu fulotai ne an kafa harsashi. Lokacin ƙuruciyarmu ungulu cike suke a kan rimayen birni da mahauta, har ba mai ɗaga kai ya dube su. Yanzu sai yaro ya yi wayo bai ga ko ɗaya ba. Guba da cinikin sassan jikinsu don magani sun cinye su, har a 2015 ƙungiyar IUCN ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Ba ni da hoton ungulu ko ɗaya daga wancan zamani, ba kuma ni kaɗai ba, don ba wanda ke ɓata fim a kan abin da ya fi ƙuda yawa.

Abin da ya raba ni da kurmin dai ba gatari ba ne. A 2021, shekarar da masu garkuwa da mutane suka addabi gefen Zariya, har suka shiga kwalejin Nuhu Bamalli cikin watan Yuni suka ɗebi malamai da ɗalibai, ina zaune a bukka wata safiya sai na ji tsuntsaye sun watse gaba ɗaya, daji ya yi tsit. Kafin in leƙa an zagaye ni. 'Yan sintiri ne su biyar, da bindigogin toka da gora. Ka tsaya a matsayinsu ka duba: mutum ya ɓuya a bukka a bakin daji tun duhun asuba, da wani dogon baƙin abu yana leƙe ta ɓula. Ko ni ne abin da zan zata ke nan. Aka tasa ni gaba har zauren mai unguwa, jama'a na biye, wasu har sun fara faɗin abin da ya kamata a yi da ni.

Mai unguwa dattijo ne mai natsuwa. Ya ce, “Malam, me kake nema a dajinmu?”

Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, tsuntsaye nake ɗauka hoto.” Zauren ya fashe da dariya, irin dariyar da ba ta da daɗi. Na roƙi arziki a bar ni in nuna. Na kunna kyamara na miƙa masa, ina danna masa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shiru yana kallo. Can sai ya ce, “Wannan ai kazar dutse ce. A ina ka same ta? Rabona da ita tun ina kiwon awaki.” Ya fara kiran sunayensu, wasu sunayen ban taɓa ji ba, na ciro takarda ina rubutawa a durƙushe. Tsofaffin da ke zauren suka matso, gardama ta kaure a kan wani ɗan tsuntsu mai dogon wutsiya, ko zalaidu ne ko ba shi ba. Daga ƙarshe wani ya shaida ni jikan gidan wane ne, aka sallame ni da ban haƙuri. Amma mai unguwa ya raka ni ƙofar zaure ya rage murya ya ce, “Don Allah Malam ka ɗan dakata da zuwa. Yau mu ne muka same ka.”

Na dakata, kuma da ƙura ta ɗan lafa na koma na tarar rabin kanyoyin an sare. Yanzu bukkata tana cikin birni, a wani kangon gidan danginmu da ke kusa da ragowar ganuwa, mai tsamiya ɗaya da cediya da tsohuwar rijiya. Ƙarar babura ba ta yankewa, amma tsuntsayen gari sun saba. Kurciya na zuwa, hasbiya na zuwa, marai da tsada da shaya na zuwa, tsirya kan ratsa ta sama da ihunsu ba su sauka ba, alhudahuda ya taɓa zuwa sau biyu cikin hunturu. A littafin lissafina na kangon na kai iri 31. Fakara da kazar dutse da mai jan fiffiken nan na kurmi ba sa ciki.

Duk ɗan ƙungiya da ke son ya gwada zaman, bukkar tana ɗaukar mutum biyu, kuma daga Fabrairu ne abin ke kyau. Sharaɗi dai a iso kafin a idar da sallar asuba a watse, kada a sa fararen kaya, a kashe waya, mai mura kuma ya bari sai ya warke. A zo da littafin rubutu da fensir, don biro kan ƙi ci in an yi sanyi.